Barcin da Zulfa Ta Bayar

Fitila suka je karɓowa daga wurin caji. Ba wani abu ba.

Bashira ba mai yawan fita ba ce. Shekararta biyu a gidan Mu'awiyya, a wani ƙauye bayan Jabo, amma har yau in ta haɗu da dattijan unguwa sai ta rasa inda za ta ajiye idonta. Ranar dai maigidan yana Kebbe wurin aikin shinkafa, ga magariba ta kawo jiki, sai Inna, uwar mijinta, ta ce ta raka Zulfa bakin titi, kada yarinya ta dawo ita kaɗai.

Zulfa ƙanwar mijin ce. Jarrabawar fita sakandare take rubutawa, karo na biyu, don bara lissafi ya kayar da ita. Makarantar ungozoma take so. Bashira ta san ranar da wannan buri ya shige ta: ranar da suka ɗauki jaririn Bashirar a kan babur za su asibitin Tambuwal, ya cika tun ba su hango garin ba. Kwana hamsin da uku ya yi a duniya. Ɗan fari ne, saboda haka Bashira ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Da ya rasu ma kunya ta hana ta kuka a fili. Mata suka yi ta yaba haƙurinta.

Ita kuwa Zulfa, babban abokin gabarta barci ne. Ta ci goro har haƙora suka rine. Ta sha baƙin shayi mai ɗaci. Ta tsoma ƙafafu a bokitin ruwan sanyi. Duk da haka da asuba Bashira za ta same ta kife a kan littafi, ƙafafun sun yi yaushi a cikin ruwa, biro ya zana mata layi a kumatu.

An yi ruwa da la'asar. Gero ya kai gwiwa, ƙasa tana ƙamshi, kwaɗi sun cika ƙorama da kuka. Suna dawowa Zulfa tana gaba tana kaɗa fitila.

"Matar Yaya, ɗaga ƙafa mana. Awa wadda aka aza ma buhu."

"'Yar boko, ke dai kula da fitilarki."

Sun iso kwalbati, inda tsohuwar kanya take, sai kwaɗin suka yi tsit. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Sannan suka ji kukan jariri.

Kuka ne da ya gaji. Murya ta dushe, saura kurji kawai a maƙogwaro. Wata mace ce zaune a bakin kwalbatin, ta ba hanya gefe, ta ja baƙin mayafi har goshi, tana jijjiga goyo. Wurin yana warin jiƙaƙƙiyar toka da nonon da ya kwana.

Suka yi sallama. Ba ta amsa sallamar ba. "Sannunku," ta ce.

Bashira mai kallon ƙasa ce, shi ya sa ta ga abin da Zulfa ba ta gani ba. Su duka biyu laka ta kama musu takalma har idon sawu. Ƙafafun matar a bushe suke, fes, kuma babu sawu ko ɗaya da ya kai inda take zaune.

"Baiwar Allah, mi as same shi?" in ji Zulfa.

"Ba shi barci. Tun ranar da yaz zo duniya."

Zulfa ta yi 'yar dariya ta tausayi. "Kin ji duniya. Shi nema shikai, ni kau ya ishe ni. Wallahi da bayar da shi akai, da na ba shi nawa duka in huta."

Jijjigar ta tsaya.

"Kin ba shi?"

Bashira ta mintsini hannun Zulfa. Ta so ta ce mu tafi, maganar ta maƙale, kamar yadda magana ta saba maƙale mata.

"Na ba shi," in ji Zulfa. "Kyauta."

Kukan ya ɗauke. Ba a hankali ba, lokaci guda.

Sai da suka yi nisa kwaɗin suka ci gaba.

Daren nan Zulfa ta yi karatu har kiran salla, ko hamma ba ta yi ba. Da safe ta shigo madafa tana tsalle. "Matar Yaya, babi ukku nig gama. Ko goro ban taɓa ba." Dare na biyu ma haka. Bashira ta ci gaba da dama kunu.

A na uku Zulfa ta rufe littafi da kanta, ta kwanta. Ta juya dama, ta juya hagu. Ta tashi ta sha ruwa. Ta koma. Gari ya waye idonta biyu.

Inna ta hana ta shayi da goro, ta karɓe wayar ta kulle a akwati. Aka ba ta madara mai ɗumi da daddare, aka sa ta wanka da ruwan zafi, ta yi alwala, ta yi addu'o'in kwanciya. Liman ya aiko da rubutu. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta ce fargabar jarrabawa ce, tana yi wa ɗalibai da yawa haka, ta ba da ƙwaya, ta ce rabi ya isa. Zulfa ta sha guda. Jikinta ya mutu, harshenta ya yi nauyi, idon dai yana buɗe yana kallon azara.

Rana ta biyar ta dawo daga ɗakin jarrabawa ta zauna a kan turmi da hijabinta.

"Na san amsar," ta ce a hankali. "Ina ganinta, sai ta narke. Sunana kaɗai nir rubuta. Sau nawa, ban sani ba."

Dare na bakwai Bashira ta shimfiɗa tabarma a ɗakin Zulfa. Yarinyar ta zube, idanu sun faɗa. Ta daina tambayar littafi. Ta kira Inna da sunan wata malamarsu. Can cikin dare ta kamo zanen Bashira.

"Kina ji?"

"Mi?"

"Numfashin jaririn nan. Nan, bayan kunnena. Barci shikai, Matar Yaya. Mai daɗi."

Hawaye suka gangaro mata ta gefen ido, ba ta ko ƙifta ba.

Washegari ma'aikaciyar ta ja Inna gefe. Bashira tana wanke-wanke, ta ji. A kai ta Sakkwato gobe, in ji ta, zuciya ba ta jure irin wannan.

Bashira ta ɗauraye kwano na ƙarshe ta kife. Ita kaɗai ta ga ƙafafun nan. Ita kaɗai ta san tana da bakin da za ta ce mu tafi, ba ta ce ba. Da rana ta yi ja, ta ɗauki fitila, ta ce wa Inna za ta kai caji. Karo na farko ke nan da ta yi mata ƙarya.

Hanya ba kowa. Gero yana shafar zanenta. Kwaɗi suna ta yi.

Ta hango kanya.

Kwaɗin suka yi tsit.

Matar tana nan, a wurin, a yadda suka bar ta. Ba ta jijjiga. Daga bayanta wani ɗan numfashi yake fita, siriri, a natse.

"Taka a hankali," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Kada ki tashe shi."

Bashira ta tsaya. 

"Abin da yarinyar nan ta bayar na zo roƙo. Ba ta san mi taka faɗi ba."

"Da bakinta ta ba shi."

"Mutuwa za ta yi."

"Nawa ɗan fa?" Muryar ba ta da fushi. Gajiya ce zalla a cikinta. "Kin san shekara nawa nika jijjiga shi? Kanyag ga tana tsiro nis soma."

Ta juyo. Mayafin ya zame.

Fuska ce ta mace, ba ƙaho, ba komai. Sai dai idanun. Manya, jajaye, a bushe. Babu fatar da za ta rufe su.

"Ke kin san abin da nika ji," ta ce. "Ina naki?"



Matar ta sassauta majanyi, ta zamo da goyon gaba. Warin toka ya gushe. Wani ƙamshi ya taso, na man kaɗe da hoda, da ɗumin wuyan jariri bayan wanka. Bashira ta san shi. Wata takwas tana nemansa a jikin tsummokaran da ta ɓoye a ƙasan akwati.

Ƙirjinta ya yi nauyi. Ta ji rigarta ta jiƙe.

"Riƙe min shi. Nan ba mai ganinki. Ba kunya."

Hannuwan Bashira suka miƙe da kansu. Fitilar ta faɗi.

Saura kaɗan.

Sai idonta ya sauka, yadda ya saba. Ta ga hannuwan matar. Sun lanƙwashe a siffar riƙon yaro, sun bushe a haka kamar reshe. Wanda ya karɓi wannan goyo ba ya saukewa.

Ta janye hannunta ta matse a ƙirji.

"Ba nawa ba ne," ta ce. "Nawa yana wurin Ubangijinai."



"To mi za ki ba shi?"

Akwai abin da Bashira ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Kullum tsakanin carar zakara ta farko da kiran assalatu jaririnta yake tashinta shan nono. A darensa na ƙarshe bai yi kuka ba, ita kuma gajiya ta danne ta, ta yi barci mai nauyi. Da ta farka jikinsa ya riga ya zama wuta. Tun daga ranar take ƙin barcin wannan lokaci, barcin kuwa bai fasa zuwa ba.

"Daga zakaran farko zuwa assalatu," ta ce. "Barcina. Ki sakam mata nata."

"Har yaushe?"

"Har shi girma."

"Ba shi girma."

"Na sani."

Idanun nan suka tsaya a kanta.

"Kin ba shi?"

"Na ba shi."

Numfashin ya tsinke. Jaririn ya motsa. Wani ɗan hannu ya fito daga cikin zane, ya damƙi gefen mayafinta. Sanyi kamar ƙarfen rijiya. Ya ja.

Ƙarfin ba na jariri ba ne.

"Kaɗan ne," matar ta raɗa. "Ƙara mai. Ƙara."

Mayafin ya shaƙe mata wuya. Ƙafarta ta zame a laka, ta durƙusa, bakin kwalbati yana matsowa, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin. Ta buɗe baki, babu murya. Ta sake buɗewa.

Daga can cikin gari lasifika ta yi ƙara, ladan ya ɗaga murya.

Riƙon ya yi sako-sako, na ƙiftawar ido.

Ta sunkuyar da kai, ta zare shi daga mayafin, ta bar musu. Ta ruga. Ba takalmi, ba fitila, Ayatul Kursiyyu tana fita daga bakinta gutsi-gutsi. A bayanta kukan ya tashi, sabo, mai ƙarfi, irin na yaron da aka tasa daga barci.

Ba ta waiwaya ba.

Ta faɗo gida ta tarar da Inna durƙushe a ƙofar ɗaki, ta toshe baki da hannu.  Sai Inna ta nuna mata da yatsa. Zulfa ce kwance a dandaryar ƙasa, kofin ruwa a hannunta bai ko zube ba, tana minshari.

Kwana ɗaya da wuni ta yi ba ta motsa ba. Jarrabawar lissafi ta wuce tana barci. Da ta farka ta ji, ta yi kuka har muryarta ta dushe, Bashira tana shafa mata baya. Sai da shekara ta zagayo ta sake zama, ta ci. Yanzu tana Sakkwato tana karatun ungozoma. Ba ta tuna matar kwalbati sosai. In ƙannenta na makaranta sun tambaye ta sirrin karatu, takan ce su rufe littafi ƙarfe goma su kwanta, kuma kada wanda ya kuskura ya raina barcinsa, ko da wasa.

Bashira ta gaya wa liman abin da ta yi, ta bayan labule, da muryar da sai ya kasa kunne.  Ya ce ta yi ta istigfari, kada ta sake bin hanyar da magariba. Ba ta sake ba.

Amma kowane dare, kafin zakaran farko ya rufe baki, idonta yana buɗewa. Ko ta wuni tana surfe, ko tana zazzaɓi. Mu'awiyya ya kawo magani daga Tambuwal, ya kawo daga Kebbe, daga baya ya haƙura, yakan dai gyara mata bargo ya koma barcinsa.

Takan ji shi daga nesa, ta wajen ƙorama, siririn kuka da ya gaji. Tana buɗe ido sai ya ɗauke.

Sai ta tashi ta yi alwala, ta yi nafila. In ta sallame takan zauna a bakin gado, ta ɗora tafin hannu a kan katifa, a gefen bango, inda babu kowa. Ta ɗan bubbuga a hankali. Gidan duk yana barci, babu mai ji, babu wanda za ta ji wa kunya.

"Aminullahi," takan kira sunan ɗanta. "Yi barcinka. Idona biyu."