Wa Ya Ɓata Alƙalamin Zane?

Akwai wata yarinya mai son zane kamar ranta. Kawunta mai zana bangon littattafai ne. Ya ara mata tsohon allon zanensa, irin wanda ake haɗawa da kwamfuta. Alƙalamin allon yana jin nauyin hannu. In ka danna, layi ya yi kauri. In ka sassauta, ya fito siriri kamar gashi.

Kullum in tana zane, ƙaninta Auta yana gefe a kan 'yar kujerarsa, ya zuba ido. Duk duniya babu abin da ya fi so kamar wannan kallo.

Wata safiya ta zauna za ta zana kyanwarsu. Ta ja layin gashin baki, sai ya fito ƙato kamar igiya. Ta sassauta hannu, duk ɗaya. Ta ɗebo baƙin launi, ya fito a dusashe, kamar an wanke shi da ruwa. Ta danna, ta ƙara dannawa, har yatsunta suka yi ciwo. A banza.

Sai ta juyo a fusace.

"Auta! Kai ka taɓa min alƙalami!"

"Wallahi Yaya ban taɓa ba."

"Rufe min baki, sarkin ɓarna!"

Mama ta shigo da gudu, hannu a ka. "Innalillahi! Kayan mutane! Me zan gaya wa kawunku? Auta, kada in sake ganin ƙafarka a ɗakin nan!"

Auta ya ɗauki 'yar kujerarsa ya fita yana share hawaye. Ko abincin rana bai ci ba.

Da yamma Kawu ya zo. Mama tana ta ba shi haƙuri, shi kuwa sai jujjuya alƙalamin yake yi.

"'Yata, me kika zana jiya?"

"Titi ne, Kawu. Da wayoyin lantarki, da gajimare."

"Wayoyin nan, yaya kika yi suka fito kauri ɗaya?"

"Na kashe maɓallin jin nauyin hannu a kwamfuta."

"Gajimaren fa?"

"Na rage ƙarfin launi, don ya yi laushi."

"Madalla. To da kika gama, kin mayar da su?"

Yarinyar ta girgiza kai. Kawu ya kunna maɓallin, ya ja ma'aunin launi sama. Ya zana layi ɗaya. Ga shi baƙi wuluk, kai da kauri, wutsiya siririya.

"Ga mai ɓata alƙalami nan mun kama," in ji Kawu yana dariya. "Sunansa mantuwa."

Ita kam ba ta yi dariya ba. Ta fita ta sami Auta a bayan ƙofa, ta durƙusa.

"Ka yafe min, ƙanena. Ni ce na yi laifin."

Ya turo baki. "Sai kin bar ni na zana gashin bakin kyanwa."

Ita da kanta ta ɗauko masa kujerarsa. Mama ma ta rungume shi ta ce, "Ni ma na yi gaggawa, Autana."

Auta ya riƙe alƙalamin a hankali, kamar ƙwai. Layin ya fito siriri, gwanin kyau.

Yara, in abu ya ƙi aiki, ku fara duba abin da hannunku ya taɓa. Kada ku ɗora wa wani laifi kafin ku bincika.