Igiyar Shanya a Bakin Garejin Baba

Ranar da ta fara ganinsa, faɗa ya zo yi mata. Ita ce telar da ke ɗinka rigunan kujerun mota a ɗan shagon da ke jikin garejin mahaifinta. A ranar ta wanke wasu, ta shanya su a kan wata baƙar waya mai kauri da ke rataye jikin sabon turken da wani kamfani ya kafa a bakin titi.

"Malama, wannan fa ba igiyar shanya ba ce," in ji wani dogon saurayi mai rataye da jakar kayan aiki. "Wayar cajin mota ce."

"Wace motar?"

"Mai amfani da lantarki. Tana hanya."

Ta leƙa titi dama, ta leƙa hagu. "To, kafin ta ƙaraso kayana sun bushe."

Ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Daga ranar ya zama Mai Caji, ita kuma Mai Shanya.

Aikinsa shi ne kula da turken. Kullum da safe zai goge shi, ya gwada wuta, sannan ya rasa abin yi, sai ya zauna a bencin shagonta yana riƙe mata bakin yadi tana yanka. Kamfanin ya yi masa alkawarin cikakken aiki ranar da motocin suka iso aka fara sayarwa. Yaushe? Ba a faɗa ba. Nawa za a sayar? Shi ma ba a faɗa ba.

Da ya turo manyansa neman aurenta, Baba ya saurare su tsaf yana goge baƙin mai a hannunsa.

"Yaron ba shi da aibu," ya ce. "Amma ba zan ba da 'yata ga mai gadin turke ba. Ranar da na ga mota ta tsaya nan ta sha wuta, ku dawo."

Sai jira ya zama sana'arsu ta biyu. Da farko aka ce bayan damina. Damina ta wuce, aka ce jirgin ruwan da zai kawo motocin ne bai taso ba. Daga baya aka ce ana lissafin farashi. Ita da ba ta taɓa damuwa da labarin motoci ba, sai ga ta tana bin kowace sanarwa a waya, ɗinki na jiranta.

Ta rubuta masa: "Mai Cajina, na ji an ce idan ta yi tsada ba mai saya. In ba mai saya, wa zai tsaya a turkenmu?"

Ya amsa: "Sanyin idona, da tura jirgi ake da hannu, da tuni ina bakin teku. Ki ƙara haƙuri."

Ana haka manajan gidan man da ke tsallaken titi ya fara zarya. Yau kujerar motarsa ta yage, gobe zaren bai yi masa ba.

"Ƙanwata, ni abin da nake sayarwa layi ake yi a kansa," ya ce mata. "Ba na jiran jirgi."

Shi ne kuma ya kawo mata labarin cewa kamfani ya dakatar da Mai Caji sai yadda hali ya yi. Daga nan ba ta ƙara ganinsa a benci ba. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta tura masa: "Ko ba mota, ai akwai sallama." Shiru. Ta yi kukanta a kan keken ɗinki, ta ce a ranta ya gaji, kuma ba ta ga laifinsa ba. Wa za ta kai ƙara? Jirgi?

Wata safiya aiki ya sa ta yi sammako. Kafin ta sha kwana sai ta ji muryar Baba, ta tsaya a bayan wata tsohuwar mota. Ga Mai Caji durƙushe yana goge turken, ya rame.

"Kullum ina ganinka," in ji Baba. "Sun daina biyanka, me kake gogewa?"

"Baba, in ta zo ta tarar da shi ya lalace, nan ma wani jiran ne. Shi ya sa nake zuwa kafin a buɗe shago. Kunyar haɗa ido da ita nake ji."

Baba ya zauna a kan wata taya, ya jefo masa tambaya.

"Da gaske ne ba ta da filogi? Ba salansa, ba juyen mai?"

"Da gaske ne, Baba."

"To ni me zan gyara? Tun ina saurayi da kunne nake gane ciwon mota, ita kuwa an ce ko tari ba ta yi." Ya yi murmushin da bai kai zuci ba. "'Yata na roƙon Allah ya kawo ta, ni ina roƙon kada ta zo. Gida ɗaya, addu'a biyu."

"Tana da burki, Baba. Tana da taya da sitiyari. Ni kuwa in ba waya ba, ban san komai ba a jikin mota."

Baba ya kalle shi sama da ƙasa, sannan ya cilla masa sifana.

"Tashi ka fara koyo. In ta zo, ka koya mini naka. Ke kuma fito, tun ɗazu nake ganin takalminki."

Ta fito, hawaye na zuba, tana hararar Mai Caji. "Saura ka ƙara ƙin ɗaukar wayata."

"Na tuba, Mai Shanya."

Ba a jira jirgi ba aka ɗaura aure. Ranar, ana tsaka da gaisawa, wayar ango ta yi ƙara. Ya karanta wa amarya saƙon kamfani: "Muna farin cikin sanar da ku cewa nan ba da jimawa ba za a bayyana farashi." Suka yi dariya har Baba ya tambayi ko lafiya.

Har yau motar ba ta iso ba. Turken na nan fes a bakin gareji, kuma duk wanda ya bi ta wurin da hantsi zai ga 'yan ƙananan riguna na jariri suna shan iska a kan baƙar wayar. Allah ya raya, ya bar su tare, ya kawo na nesa kusa.