Hoton da Teo Bai Ɗauka Ba

"Ina ka tura shi, Gastón?"

Ludmila ta tsaya a gabansa tana haki, iska mai sanyi na kaɗa gashinta. Gastón, shugaban ƙungiyarsu ta masu ɗaukar hoton jiragen ƙasa, ko ɗagowa bai yi daga kyamararsa ba.

"Wa kenan?"

"Ka fi kowa sanin wanda nake nufi."

"Au, Teo, Siririn naki? Cewa na yi ya sauka ƙasan gada, hoto ya fi kyau a can."

"Ƙasan gada? Inda rana za ta cika masa ido, hayaƙi ya rufe komai?"

Ya ɗaga kafaɗa yana murmushi. "Ai ya ce ya iya aiki."

Tun daga garinsu Tafí Viejo suka cika mota suka tsallako iyaka zuwa Bolivia saboda wani tsohon kan jirgi mai hayaƙi, wanda ba a hura masa wuta sai ranar bikin wannan ƙauye. Mahaifinta, Don Aurelio, ya rantse shi ne wanda ya tuƙa da ƙuruciya kafin a sayar da shi. Ya kuma faɗa a gaban kowa cewa hoton da ya fi kyau ne zai hau bangon falonsa.

Kowa ya gane ba maganar bango ake yi ba, maganar auren Ludmila ce.

Gastón ɗan abokin Don Aurelio ne, jikan direbobi. Shi kuwa Teo mai gasa burodi ne, wanda ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya mallaki kyamara, kuma shi ne ya sace zuciyar Ludmila a bakin wata tasha, ranar da ya tambaye ta lambar wani tarago alhali ga lambar nan ɓaro-ɓaro a gabansa.

Ta juya ta kama gangara.

"Ludmila, dawo nan," in ji mahaifinta, yana ajiye ƙoƙon shayinsa na ganyen mate. "Ba za ki bi yaron da hannunsa bai san baƙin mai ba, sai farin fulawa."

"Baba, cutarsa aka yi."

"To ya koyi wayo."

Ba ta tsaya ba. Abin da ba ta sani ba shi ne tsohon ya ɗauki hularsa ya biyo ta, yana faɗa yana tafiya, ya manta cewa a waɗannan duwatsu iska ba ta isar huhun baƙo.

Ba ta sami Teo a ƙasan gada ba. Can ta hango shi a kan wani dutse, ya kafa kyamara, rana na bayansa, layin dogo ya lanƙwaso a gabansa kamar an zana.

"Rabin raina, me ya kawo ki? Hawo ki gani."

"Ashe ka gane makircin?"

"Tun da na ga Gastón yana min fara'a na san da magana."

Dariya ta kama ta. Sai ga usur daga bayan dutse, mai tsawo, mai kauri. Baƙin hayaƙi ya fara leƙowa. Teo ya sunkuya, ya ɗora yatsa a kan maɓalli.

A daidai lokacin ta waiwaya.

"Teo... Baba!"

Don Aurelio na durƙushe a tsakiyar hanya, hannu ɗaya a ƙirji, leɓɓansa sun canza launi.

Teo bai ko kalli jirgin ba. Ya diro daga dutsen, ƙafarsa ta ture kyamarar ta faɗi cikin ƙura. Ya kwance wa tsohon maɓallin wuya, ya juya masa baya.

"Hau, Don Aurelio."

"Ni za ka goya? Kai da iska ke ɗauka?"

"Buhun fulawa ya fi ka nauyi, ranka ya daɗe. Hau."

Jirgin ya wuce su yana huci, taragu cike da mata masu faffaɗan siket suna ɗaga hannu, makaɗa na busa a tarago na ƙarshe. Tsohon ya kwantar da kai a kafaɗar Teo, ya lumshe ido.

"Shi ne," ya ce a hankali. "Ji yadda yake tari a hawa. Har yanzu bai daina ba, ɗan banza."

Ludmila na biye da su, rungume da kyamarar da gilashinta ya tsage, tana kuka tana dariya.

A tashar ƙauyen jirgin ya tsaya shan ruwa. Wata mai sayar da abinci ta zaunar da tsohon a kan bencinta, ta ɗura masa shayin ganyen koka mai zafi, tana yi masa faɗa kamar ƙaninta. Kafin wani lokaci jini ya dawo fuskarsa.

Gastón ya iso yana washe baki, ya miƙa kyamara. "Duba, Don Aurelio. Har lambar ta fito."

Tsohon ya duba ya jinjina kai. "Ya yi kyau ƙwarai. Kai fa, mai burodi, ina naka?"

Teo ya sunkuyar da kai. "Ban ɗauka ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Don Aurelio ya mayar wa Gastón kyamararsa. Ya miƙe ya taka zuwa kan jirgin, ya shafa ƙarfensa mai ɗumi, ya faɗa wa direban sunansa da garinsu. Direban, wani dattijo mai jajayen kumatu, ya zaro ido ya miƙo masa hannu.

"Hawo, maigida, ka ja mana usur zuwa tasha ta gaba. Amma wurin ƙarami ne. Ku nawa ne?"

"Mu uku. Ni, da 'yata, da surukina."

Gastón ya gyara kwalar rigarsa ya matso. Teo kuwa ya ja da baya don ya ba shi hanya.

"Ina za ka, Siriri?" tsohon ya daka masa tsawa. "Sai na aiko maka da kati? Zo ka ɗauki shebur. Ba zan ba da 'yata ga wanda bai taɓa zuba gawayi a wuta ba."

Teo ya tsaya baki buɗe, sai da Ludmila ta tura shi daga baya.

"Hau mana, masoyi, kafin ya canza ra'ayi."

Jirgin ya tashi. Teo na zuba gawayi, rabi a wuta rabi a kan takalmin surukinsa, tsohon na zaginsa yana dariya. Ludmila ta matso kusa da kunnensa.

"Shebur ɗin ya fi ƙarfinka ne?"

"Ba shebur ba ne," ya ce. "Tambayar da zan yi miki ce."

"Baba ya riga ka. Amma yi, ina son in ji da bakinka."

Ya buɗe baki kenan Don Aurelio ya ja igiyar usur da dukkan ƙarfinsa. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Ta kama fuskarsa mai baƙin gawayi da hannu biyu, ta ce, "Na yarda."