Facin Jan Zani

"Hambali, don girman Allah ka ce ba ka gane shi ba!"

Bai ɗago ba. Buhun taki ne yashe tsakaninmu a zauren gidanmu, jage-jage da taɓo, da facin jar atamfa a gefensa. Tsohon zanina ne, ni na yi facin da hannuna.

Shekara huɗu ke nan da aka kawo shi alƙali Bunkure. Shi ba ya yanke rikicin ruwa yana kan kujera; tuɓe takalmi yake, ya naɗe wando, ya bi magudana da ƙafarsa. Halin da ya sa na so shi ke nan, yau ga shi ya zame mini ciwo.

Laraba ce ranar ban ruwan Iya Baraka, mai marayu biyar. Laraba uku a jere ana cusa buhun ƙasa a ƙarƙashin kwalbati, ruwan ya karkata gonarmu, dashen tumatirinta ya ƙone ƙurmus. Buhun nan, Hambali ne ya zaƙulo shi daga can. Babana, Malam Sallau, ya ce wa kotu bai san zancen ba.

"Luba... zanin nan ne a jikinki ran da na fara ganinki. Ta yaya zan manta?"

"To ka tuna saura wata guda bikinmu! Baba ne fa..."

"Na sani, abar ƙaunata. Shi ya sa na miƙa shari'ar ga kotun Kura."

Na sauke ajiyar zuciya. Ashe da sauran rina a kaba!

"Ni kuma zan je shaida."

"Shaida?! A kan Baba?"

"In na yi shiru, da wane ido zan kalli marayun nan?"

"Ni fa, Hambali? Ni fa..."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ɗauki buhun ya fita.

Kotun Kura ta ce amfanin gonarmu na bana na Iya Baraka ne. Ko gida Baba bai shigo ba ya aika a mayar da kayan sa rana. Na yi kuka har muryata ta dishe. Na ji haushin Baba, na ji na Hambali, na rasa wanda zan tsana.

Bayan wata biyu na gamu da Iya Baraka a bakin magudana, ruwa na kwarara cikin kunyoyinta. Idonta ya yi rauni, ba ta shaida ni ba.

"'Yar nan, taya ni addu'a. Alƙalin nan, Allah Ya ba shi mace tagari!"

Na ja mayafi na rufe fuskata.

"Amin, Iya," na ce.