Kofin da Farfesa Ya Ƙi Karɓa

Ranar da firijin ɗakin bincike ya mutu suka fara ganin juna. Jinin mutum ɗari huɗu ne a ciki, aikinta na shekara uku a kan ciwon hanta, ga shi ya fara narkewa. Tana tsaye ido ya ciko, sai ga mai gyara da jakar kayan aikinsa.

"Likita, ɗan matsa min. In kuka na tada firij da ban zo ba."

Kafin azahar ya tada shi. Yana goge hannu ya kalli 'yan kwalaben jinin ya ce, "Cutar nan da kike bi, ni ma ina da ita. Tun wajen haihuwata na samu. Ina shan magani, ba na fashin asibiti."

Bai ɓoye ba, bai sunkuyar da kai ba. Nan ya shiga ranta.

Bayan sati ya turo saƙo: "Likitata, ya firij? Mai firij dai ba lafiya, tunaninki ya hana shi aiki."

Ta mayar masa: "Mai Sanyina, firij lafiya lau. Ka sha maganinka tukuna, sai ka ci gaba da tunanin."

Da magana ta kai gida, Baba ya yi tsalle ya dire.

"Mai gyaran firij, kuma mai ciwon hanta? Ki kwaso mana cuta?"

"Baba, na yi rigakafi tun tuni. 'Ya'yanmu ma ranar da aka haife su za a yi musu."

"Ke kika sani. Ga Farfesa yana sonki."

Farfesa shugabanta ne a wurin aiki. Irin mutumin nan da in ka ce masa ina kwana, sai ya gaya maka sau nawa masana suka ambaci sunansa a rubutunsu. Wai sau dubu uku. Abin da ba ya faɗa shi ne, ita ke ɗibar jini, ita ke awo, ita ke rubutawa, shi ko ya zo da ƙaton tumbinsa ya dangwala suna a sama. Ga turare kamar an yi ɓarin kwalba. Allah ya raba mu da girman banza.

Shi ne ya tare yaron nan mai gyaran firij a bakin matakala ya ce masa an gama magana, bana zai ɗauke ta. Yaro ya ɗauke ƙafa kwana huɗu, sannan ya rubuto: "Likita, na ji kin samu daidai da ke. Allah ya sanya alheri."

Ta ba shi amsa: "Daidai da ni firij yake gyarawa. Ka zo gidanmu Asabar da la'asar. Ka sa farar rigarka, kar ka makara."

Ashe ranar Baba ya kira Farfesa, wai ya yi wa yaron bayanin ilimi ya haƙura. Suka zauna a falo. Farfesa ya cika kujera yana lissafa ƙasashen da aka karanta shi. Mama ta kawo ruwa a jug da kofi, ta koma ɗauko sauran kofunan. Yaron ya yi bismilla ya sha, sai ya sake cikawa ya miƙa wa Farfesa hannu biyu.

Farfesa ya zabura har gilashinsa ya faɗi.

"Kai! Janye! Kofin da ka sa wa baki? Hajiya, a jefar da kofin nan!"

Likita ta miƙe tsam. Ta shiga ɗaki ta fito da takarda.

"Baba, a duk aikinmu wannan ce aka fi ambata. Da ita ake koyar da ma'aikatan jinya. Ga sunan Farfesa a sama. A shafin farko an rubuta cewa cutar ba ta bin kofi, ba ta bin cokali, ba ta bin musabaha."

Baba ya juya a hankali. "Farfesa, kai ka rubuta wannan?"

"E to, ni na jagoranta."

"Ka karanta ta?"

Sai gyaran murya, sai laluben gilashi a ƙasan kujera.

Baba ya karɓi kofin daga hannun yaron ya shanye tas.

"Takarda ma ka sa mata suna ba ka san cikinta ba, ina ga 'yar mutum? Ƙofa na nan inda ka shigo." Ya dubi yaron. "Kai kuma, ɗana, turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Farfesa ya aiko da saƙon murna, jerin muƙamansa ya fi murnar tsawo.

Takardarta ta gaba da sunanta ta fito a sama. A ƙasa ta rubuta godiya ga mijinta, wanda ya ceci jinin mutum ɗari huɗu. Ya sa ta fassara masa har sau uku.

"Likitata, ni ma yanzu an ambace ni ke nan?"

"Sau ɗaya, Mai Sanyina. Amma kai ka yi aikinka."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya ƙara masa lafiya. Kofin kuwa, har yau da shi Baba ke shan ruwa.