Takalmin da Ke Cikin Babur ɗin Mitesh

A bayan haikali ya ce ta same shi, gefen da masu sayar da furanni ke zubar da shara, inda ba mai ganinsu. Kinjal ta zo tana ɗingishi, ƙafafunta naɗe da tsumma cikin silifas ɗin kakarta. Mitesh, wanda aka yi musu baiko tun damina, ya dubi ƙafafun sau ɗaya ya kau da kai.

Ya zaro wayarta daga aljihu ya miƙa mata kamar kayan sata.

"Kinju... na rantse da ran Momi, na dawo. Na tarar an tashi ne."

Ta karɓi wayar.

Ya yi ta zuba. Wai bai runtsa ba tun daren, wai abinci ma ba ya wuce masa. Can ya sauko kan abin da ya kawo shi. Ya riga ya gaya wa uwarsa, Hansaben, cewa Kinjal ce ta sallame shi da bakinta, ta ce za ta biyo ƙawayenta. In uwar ta ji gaskiya jininta zai hau, uban kuwa zai kore shi daga shago. Ta daure ta bar maganar a haka. Kwana kaɗan mutane za su manta, bayan sallar Diwali a yi biki yadda aka tsara.

"Takalmina fa?"

"Suna cikin babur. Zan kawo, amma ba yanzu ba. Waya tana shiga aljihu, takalmi kuwa kowa zai gani."

Ya riƙo hannunta.

"Ke ce rayuwata, Kinju. Ki rufa min asiri."

Ta gyaɗa kai. Tana sonsa, sonsa kuwa ba na wasa ba.

Ga yadda abin ya faru, tunda duk unguwa kowa ya faɗi nasa.

Kayan rawar Navratri, bikin da ake dare tara ana rawa, ba su da aljihu. Tela zai cika siket da madubai, ya sa wuri, ya sa zaren zinari har ya yi nauyin da mace za ta ja da ƙyar, amma ba wanda ya taɓa tunanin za ta buƙaci inda za ta sa waya. Filin rawa kuma ba a taka shi da takalmi, wanda aka bari a bakin ƙofa kuwa sai an yi sa'a a same shi. Saboda haka kowace yarinya a birnin Baroda ta san dabara: waya, jaka da takalmi, duka a zuba a akwatin da ke ƙarƙashin kujerar babur ɗin wanda ya kawo ta, ya kulle ya riƙe makulli.

Haka Kinjal ta yi. Wa za ta ba wa in ba mijin da za ta aura ba?

Ana cikin zagayen rawa, sandar rawarta ta haɗu da ta wani da suka yi makaranta tare, ya ce mata wani abu ta yi dariya. Dariya kawai. Mitesh ya ja ta gefe ya ce tunda haka ne wancan ɗin ya kai ta gida, ya juya ya fita. Ta ɗauka iska zai sha a waje. Ashe babur ya hau ya tafi wurin abokansa cin soye-soye, da wayarta da kuɗinta da takalminta a ƙarƙashinsa.

Ƙawayenta suka watse, kowa na zaton tana tare da shi. Ta tsaya a bakin ƙofa har aka kashe fitilu. Ta roƙi maigadi aron waya, lamba ɗaya ce a kanta, ta Mitesh. Wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Masu riksho, keken haya mai ƙafa uku, kuwa duk wanda ta tsayar sai ya dube ta daga sama zuwa ƙafa ya ce kuɗi a hannu.

Sai ta kama hanya a ƙasa, ba takalmi.

Maza biyu a kan babur suka biyo ta a hankali, suna fito, suna kiranta da sunayen da ba a maimaitawa. Na bayan ya fizge mayafinta ta faɗi. Ya sauko ya damƙi hannunta. Ta cije shi ta ruga, ta bi ta kan fasassun kwalabe ba ta ma ji ba, har ta faɗa rumfar wata mata mai suya da ke shirin tashi. Matar ta ɗebo tafasasshen mai a ludayi ta tsaya a gabanta. Shi ne suka juya.

Matar ce ta rako ta gida. Maƙwabta da suka dawo daga rawa suna zaune a baranda suka ga Kinjal, jikar Kantaben, ta shigo ba mayafi, ba takalmi, riga a yage.

Kafin rana ta yi tsaka labari ya isa gidan Hansaben, ta aiko cewa suna so su ɗan sake tunani kan maganar biki. Kawu Bharat, wanda Kinjal ke zaune a gidansa tun rasuwar uwarta, ya ce kada ya ji an ambaci 'yan sanda, yana da 'ya'ya mata da bai aurar ba. Ya ce Kinjal ta shirya ta je ta taɓa ƙafar surukarta ta ba da haƙuri.

Haƙurin me? Ba wanda ya tambaya. Ba wanda ya ce su waye mazan nan. Kowa tambayarsa ɗaya: me ya kai ta titi ita kaɗai?

Ƙawaye suka ɗauke ƙafa. Matar kawu ta daina aikenta ko shago. Da dare kowa ya yi ado ya fita, gida ya yi tsit, ita tana kwance tana jin ganguna daga nesa, wayar da ya dawo mata da ita a kan ƙirjinta tana jiran ta yi haske. Wani lokaci Mitesh ya turo kalma biyu. Wani lokaci ba ko ɗaya.

Mutum ɗaya ce ba ta fita: Nani, kakarta ta wajen uwa. Ita ce Kantaben, kayan miya take turawa a baro tun kafin a haifi kawun, ba ta san ko harafi ba, bakinta kuwa duk kasuwa an san shi. Ita ke jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi da kurkum tana tsince kwalba da allura.

Kwana biyu da dawowar Kinjal daga bayan haikali, tsohuwa ta ga waya a hannunta. Ta ci gaba da wankin ƙafa ba ta ɗago ba.

"Wayar da ta ɓata ta dawo ke nan. Da ƙafarta ta zo?"

Kinjal ta ɓoye wayar a bayanta.

"Takalman nan ni na saya miki. A babur ɗin wa kika zuba su?"

"Nani, na roƙe ki, ki bar..."

"A babur ɗin wa?"

Kinjal ta kifa kai a cinyar tsohuwa ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, ta haɗa da roƙo: yana sonta, kuskure ne, in aka tona shi auren ya mutu, kawu kuma ba zai yafe musu ba. Nani ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta ce aure da ake ginawa a kan sunan jikarta a cikin kwata, ita ba ta ga abin tsoron mutuwarsa ba. Ta tashi ta ɗaura zanenta na sari.

Da hantsi suka isa gidan Hansaben. Harabar gidan cike da mata masu shanya, babur ɗin na jingine a gindin bishiya. Hansaben ta fito da fara'ar dole tana cewa su shigo ciki a sha shayi, magana ba ta waje ba ce. Nani ta ce a waje aka ɓata yarinyar, a waje za a wanke ta.

Mitesh ya sauko daga bene. Ya sunkuya zai taɓa ƙafar tsohuwa yadda aka saba, ta janye.

"Tawa lafiyarta ƙalau. Ga wadda za ka duba can."

Ta nuna ƙafar Kinjal, ta kuma nuna babur.

"Buɗe kujerar nan."

Hansaben ta fara faɗa, wai an zo har gida ana ci musu mutunci, wai ɗanta ba ɓarawo ba ne da za a caje shi. Matan shanya suka bar shanya. Mitesh ya dubi uwarsa, ya dubi Kinjal, idonsa na roƙo.

"Buɗe, Mitesh," in ji Kinjal a hankali. "Na gaji."

Ya sa makulli. Kujera ta ɗaga. Ga su nan, jajayen takalma masu aikin zare, ɗaya kan ɗaya, da 'yar jakarta a gefe.

Nani ta ɗaga su sama yadda na kan bene ma za su gani. Ta faɗi komai da muryar da take tallar albasa: wanda ya kai ta, wanda ya kulle kayanta, wanda ya tafi cin soye-soye, wanda aka kira bai ɗauka ba.

Hansaben ta gyara mayafi.

"To, yaro ya yi kuskure. Amma Kantaben, ke ma uwa ce. Duk da haka dai maza sun taɓa ta a titi. Wa zai kawo wannan cikin gidansa?"

Kinjal ba ta dubi matar ba. Shi ta duba. Kalma ɗaya take jira. Da ya faɗe ta, da ta yafe masa daren, da kwalabe, da ƙaryar, duka.

Bakinsa ya motsa. Hawaye ya gangaro masa. Ya sunkuyar da kai yana kallon makullin da ke hannunsa.

Ta jira har ta tabbatar.

Sannan ta karɓi takalman daga hannun Nani. Ta zare zoben baiko, ta ajiye shi a cikin akwatin, daidai inda takalman suka kwana, ta mayar da kujera ta danna har ta ji ta kulle.

"Kinju..."

"Wannan yana shiga aljihu. Ba mai gani."

Daga nan ba gida suka nufa ba. Nani ta tsayar da riksho, suka biya ta rumfar mai suya suka ɗauke ta don shaida, suka wuce ofishin 'yan sanda. Aka bar su a benci har la'asar. Tsohuwa ta ce ko kwana ne za ta yi, sai an rubuta. Aka rubuta, ta dangwala babban yatsa. Har yau ba a kama kowa ba, kuma har yau duk mako sai ta je ta tambaya. Kawu Bharat ya daina yi musu magana a cikin gidansa.

Ranar ƙarshe ta bikin Navratri, Kinjal ta farka daga barcin rana ta ga Nani a bakin taga da siket ɗin rawa a cinya, tana ta fama da allura. Ta yanko ƙyallen tsohon buhun shinkafa ta ɗinka masa aljihu ta ciki, ƙato, karkatacce, mummuna.

"Waya nan. Kuɗin riksho nan. Tashi ki yi wanka."

"Nani, kowa zai kalle ni."

"Su kalla. Ido suke da shi."

Suka tafi su biyu. Ba ƙawar da ta matso. Tsohuwa ta samu dutse a bakin fili ta zauna, jajayen takalma a cinyarta, ta dafe su da hannu biyu.

Kinjal ta shiga zagaye a kan ƙafafun da ba su warke ba. Wayar ta yi ta motsi a jikin cinyarta, ta san ko wane ne. Ba ta taɓa ta ba. Ta ci gaba da tafi tana juyawa, hawaye na zuba, kuma duk zagayen da ya kawo ta ta bakin ƙofa sai ta ɗaga ido.

Nani na nan inda ta bar ta.