Man Shanu a Keken Ɗinkin Goggo Fatu

A garin Sabon Birni akwai wata yarinya mai suna Hadiyya. Tana aji huɗu a firamare. Yarinya ce mai son taimako, sai dai akwai ta da gaggawa.

Babanta, Malam Kalilu, manomi ne. In an kai gero da dawa rumbu, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure yana gyaran tsofaffin kaya. Rediyon da ta daina magana, fitilar da ta yi tsatsa, dutsen guga na gawayi, duk yana son su. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai.

Wata rana Goggo Fatu ta zo daga Kurawa. Tsohuwa ce mai kawo musu nono. Ran nan ta ɗauko wani abu mai nauyi a naɗe cikin zane. Da ta kwance, sai ga keken ɗinki na hannu, baƙi, ya sha ƙura.

"Malam, na mahaifiyata ne," in ji ta. "Tun da ta rasu bai sake juyawa ba. So nake in ji kukansa kafin in bi ta."

"Za ni gyara shi, Goggo, in Allah ya so," in ji Malam Kalilu.

Ta ajiye ƙwaryar man shanu ta ce a ba yara, ta tafi.

Malam Kalilu ya kwance keken a hankali. Ya goge tsatsa, ya fitar da tsohon zare da ya cushe, ya mayar da komai. Hadiyya na gefe tana miƙa masa tsumma.

"Baba, ya gyaru?"

"Saura mai. Za ni garin Isa wajen sunan ɗan ƙanena, in sawo man keke a can. Kada kowa ya taɓa shi."

Bayan tafiyarsa Hadiyya ta kasa haƙuri. Ta kama hannun keken ta juya, ta ji shi da tauri. Sai ta tuna man shanu ne Inna ke shafa mata in ƙafarta ta yi faso, kuma nan da nan ta yi laushi.

"Ai mai duk mai ne," ta ce a ranta.

Ta ɗebo man shanun, ta cusa a kowace kafa ta keken. Ta juya hannun, sai ya tafi sumul. Hadiyya ta yi tsalle don murna. Ta rufe shi da zane, ba ta gaya wa kowa ba. So take Baba ya dawo ya yi mamaki.

Da Malam Kalilu ya dawo, ya ɗaga zanen da sanyin safiya. Kiyashi sun yi baƙi ƙirin a kan keken. Wani wari ya tashi. Man ya daskare, ya kama ƙura, hannun ko motsi ba ya yi.

Inna ta leƙo, ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Malam, kayan amana ne fa! Da wane ido za mu dubi Goggo?"

Malam Kalilu ya shinshina yatsansa, ya dubi Hadiyya. "Ɗiyata, mi kinka sa ma keken ga?"

Hadiyya ta sunkuyar da kai. "Man shanu ne, Baba. So na yi in taimaka."

"Na ce kada a taɓa, ko ban ce ba?"

"Ka ce."

Suna cikin haka sai ga sallamar Goggo Fatu. Hadiyya ta yi wuf za ta shige ɗaki, Baba ya riƙe hannunta. "Tsaya. Ke za ki gaya mata da bakinki."

Hadiyya ta durƙusa, ta faɗi duk abin da ta yi.

Goggo Fatu ta daɗe tana kallon keken. Idonta ya kawo ruwa. Hadiyya ta fashe da kuka.

"Goggo, ki yafe mini."

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi. "Ke ja'ira, kin sa mishi man shanu, to ina tuwon da miyar kukar? Ko haka nan zai ci gaya?"

Har Inna sai da ta yi dariya. Goggo ta juya wajen Malam Kalilu. "Ya mutu ke nan?"

"Bai mutu ba. Amma aiki ya dawo sabo, kuma wadda ta ɓata ita za ta wanke."

Haka kuwa aka yi. Kullum in Hadiyya ta dawo daga makaranta, sai zaure. Ƙawayenta na wasan gaɗa a waje, ita tana wanke ƙananan ƙarafa da kananzir da tsohon buroshi. Inna kuwa ba ta zauna ba. "Ki nisanci murhu! Ki wanke hannu da sabulu kafin ki ci abinci!"

Da komai ya bushe, Baba ya harhaɗa keken. Ya miƙa mata 'yar kwalbar man keke. Man fari ne kamar ruwa.

"Ɗigo ɗaya a kowace kafa," in ji shi. "Shi wannan ba ya daskarewa, kiyashi ma ba su son shi."

Ranar da Goggo Fatu ta dawo, aka sa zare da ƙyalle. Ta kama hannun keken ta juya. Allura ta hau ta sauka, ƙit-ƙit-ƙit, ɗinki ya tafi a miƙe.

Goggo ta rufe ido tana saurare. "Shi ne," ta ce a hankali. "Haka yake kuka a hannun innata."

Ta jawo Hadiyya ta zaunar da ita kusa. "Zo ki juya, mai man shanu. Amma sannu-sannu."

Yara, son taimako abu ne mai kyau. Amma in ba ku san yadda ake yin abu ba, ku tambayi manya tukuna. In kuma an ce ku jira, to ku jira, musamman in kayan wani ne aka ba ku amana.